BMW nake so, gida kuma sun ce sai Corolla

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta fito, daga wani magidanci ɗan shekara 33 da ke zaune a Tudun Wada, yana aiki a Samaru. Ga abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekara huɗu ina tara kuɗin mota, da adashi da ɗan abin da nake yanka daga albashi, yanzu ina da naira miliyan 9. Wani abokina zai sayar da motarsa BMW 328i ƙirar 2009, baƙa wuluk, ya ce ya bar mini a miliyan 8 da dubu 300. Na tuƙa ta daga Kwangila zuwa Shika, wallahi tun daga ranar wata mota ba ta ƙara burge ni ba. Tun ina yaro nake son irinta. Amma maiɗakina da yayana sun dage sai dai in sayi Corolla ko Honda, wai BMW ramin zuba kuɗi ce. Maiɗakina tana da juna biyu, kuma ni nake kai Hajiyarmu asibitin Shika duk wata. Wannan ce za ta zama motata ta farko. Abin da ya fi ƙona mini rai, yayana ya ce ƙarya nake son yi, ni kuwa ba don idon kowa nake sonta ba. Abokina ya ba ni sati biyu. Ka ba ni shawara tsakani da Allah."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya, Ya ƙara wa Hajiya sauƙi, kai kuma Ya saka maka da alheri kan wannan hidima da kake yi mata.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta soke ka, don na san muddin tana nan ba za ka saurari sauran maganar da kyau ba. Ba ƙarya kake son yi ba. Mai son ƙarya bashi yake ci ya hau mota gobe, ba ya shekara huɗu yana hawan a-daidaita-sahu daga Tudun Wada zuwa Samaru yana zubin adashi. Kuma abin da ka ji a jikinka tsakanin Kwangila da Shika ba mafarki ba ne. Motar nan injinta silinda shida ne a jere, lita 3, kuma tayoyin baya ne ke tura ta, ba na gaba ke jan ta ba kamar Corolla. An raba nauyinta kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa idan ka sha kwana za ka ji ta manne da kwalta, sitiyarin yana gaya wa tafin hannunka duk abin da taya ta taka. Injin da ke cikinta, wanda suke kira N52, yana cikin masu ƙwari da kamfanin ya taɓa yi, ba shi da turbo, ba shi da yawan fitinar da ta addabi 'yar uwarta 335i. Idonka bai yaudare ka ba, mota ce ta gaske.

Duk da haka shawarata ita ce kada ka saye ta yanzu. Na faɗa maka tun da wuri don kada ka yi ta lalube, sauran maganar dalilai ne, ka auna su da kanka.

Yayanka ya yi daidai a hukunci, amma dalilin da mutane suka saba bayarwa, wai motar Turai ba ta ƙarko a ƙasar nan, ba gaskiya ba ne. Ka tsaya a Kwangila minti goma ka ƙirga motocin hayar da ke ɗibar fasinjan Kano da Funtuwa da Kaduna. Golf da Sharan za ka gani, 'yan Jamus, ana ɗora musu lodin da ko wanda ya ƙera su bai yi zato ba, kuma suna tafiya. Peugeot fa? 'Yar Faransa ce, amma tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri nan Kaduna, iyayenmu suka hau 504 har ta tsufa a hannunsu, 406 kuma har gobe tana yawo a Zariya. Me ya riƙe waɗannan motocin? Yawansu. Da mota ta yi yawa a gari, yaron gareji yana buɗe ido ya gan ta, ya koyi ciwonta tun yana miƙa sifana, mai kayan gyara ya cika shagonsa da kayanta don ya san kullum za a tambaya, kuma duk wadda ta yi hatsari ta zama rumbun kaya ga sauran. To, BMW ƙirar 2009 ba ta da wannan gatan a Zariya. Ƙasar da aka ƙera mota ba ita ce damuwarka ba. Damuwarka ita ce, ranar da ta tsaya, hannun wa za ta shiga, kuma kwana nawa kayanta zai yi kafin ya iso.

Kai Bazazzagi ne, ka san harkar doki ko da a ido. Duk wanda ya ga hawan sallah a ƙofar fada sai ya ji dama shi ne a kan sirdin nan. Amma tambayi mai dokin, zai gaya maka kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a lamarin. Harawa ce, dusa ce, kanwa ce, ga mai kula da barga, ga magani, wata goma sha biyu ana ciyarwa don hawan 'yan kwanaki. Ba a hana kowa doki ba, sai dai ba a sayensa da kuɗin da bai bar na harawa ba. Kai kuwa lissafinka ya nuna bayan ka biya abokinka, naira dubu 700 za ta rage maka, kuma daga ciki za ka yi canjin takardu, inshora, juyen farko da cika tanki. Ga haihuwa tana tafe, ga ragon suna.

Akwai wata tambaya da nake so ka yi wa kanka. Lokacin da motocin nan biyu suke sababbi a Amurka a 2009, kuɗin 328i ya kai kusan ninki biyu na Corolla. Yau a kasuwarmu, sai ka tarar Corolla mai shekaru ɗaya da ita ta kamo ta ko ma ta wuce ta. Yaya aka yi mota mai tsada ta dawo mai araha? Dillalai ba wawaye ba ne, masu saye ma haka. Kasuwa ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke jiran mai BMW daga farashinta. Rangwamen da kake gani ba kyauta ba ce, bashi ne da za ka biya a gareji kaɗan-kaɗan. Shi ya sa Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Wannan lissafin kuma zai sake cin ka ranar sayarwa: Corolla ko da tsakar dare ka ce za ka sayar, kafin azahar ɗin gobe ka sami mai taya, BMW kuwa sai ka jira wani mai sonta irinka, wanda kuma yake da kuɗi a hannu.

Yanzu bari mu buɗe bonet, don ka san ainihin abin da ake gudu.

Babban abin tsoro a wannan injin shi ne ruwa. Famfon da ke zagaya da ruwan sanyaya inji, wanda kanikawa ke kira watafam, a Corolla bel ne ke juya shi. Idan zai lalace yakan ba da sanarwa, ya fara ƙara ko ɗigo, kuma kowane bakanike zai canza maka shi a yini ɗaya. A 328i kuwa na lantarki ne, kwamfutar mota ke ba shi umarni, kuma ɗabi'arsa ita ce ya mutu farat ɗaya ba sallama. Ƙari a kan haka, wannan ƙirar ba ta da allurar da ke nuna zafin ruwa a gaban direba. Sai dai kawai ka ga wutar gargaɗi ruwan ɗorawa, jim kaɗan ta koma ja, motar ta rage ƙarfi. Idan ka yi gardama ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida, injin da aka zuba da alminiyam da magniziyam ba ya yafe wannan, kan silinda zai iya lanƙwashewa, daga nan kuma magana ta tashi daga gyara ta koma neman wani inji. Tankin ruwanta da mahaɗan tiyo-tiyonta da yawa na roba ne mai tauri, kuma robar da ta haura shekara 15 tana shan zafin inji, ta zo ta haɗu da ranar Maris da Afrilu ta Zariya a cunkoson PZ, ba sai an gaya maka ƙarshenta ba.

Sai yoyon baƙin mai. Wurare biyu sun yi suna a wannan injin: gasket ɗin murfin sama, da na gidan filtar mai. Na biyun ya fi haɗari, domin man yana ɗiga ne kan bel ɗin gaban inji. Bel ya jiƙe ya zame ya tsinke, kuma an sha ganin tsummansa ya kutsa ta bakin sil ɗin gaba ya shige cikin inji ya toshe hanyar mai. Ɗan yoyon da a wata motar za a ce "ba komai, ƙara mai ka tafi", a nan yana iya cinye injin gaba ɗaya. Kuma ba ta da sandar da ake zarowa a duba baƙin mai, sai dai ka tambayi kwamfuta ta gaya maka. Hatta wasu kusoshin jikin injin na alminiyam ne, sau ɗaya ake ɗaure su, idan an kwance sai a sa sababbi. Bakaniken da bai san wannan ba zai mayar da tsoho ya ɗaure da ƙarfin damtse, ya karye a ciki.

Ƙananan abubuwa ma ba su bar ka ba. Batirinta a but yake, kuma idan an canza sai an sanar da kwamfutar motar da na'ura, in ba haka ba ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon. Ba ta zo da safaya ba, ko gurbinta babu, don an ƙera ta da irin tayar nan mai ɗan iya tafiya bayan ta sace, wadda ke da tsada kuma ba kowane mai taya ke ajiye ta ba. Idan mai rim 17 ce, tayar siririn gefe gare ta, rami ɗaya mai kaifi a damina ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa rim. Corolla kuwa lambar tayarta ta gama-gari ce, ko a Giwa ko Soba ka tsaya ba za ka sha wuyar samu ba.

Ga kuma cin yau da kullum. Duk juye tana shan kimanin lita 6 da rabi na baƙin mai, kuma ba kowane iri ba, sai mai tsinkin nan na zamani da kamfanin ya ƙayyade, domin na'urorin da ke sarrafa bawul ɗinta da matsin mai suke aiki. Corolla lita 4 da 'yan kai take sha. A fetur, awon da hukumar Amurka ta yi ya nuna 328i tana cin kusan lita 13 a kowane kilomita 100 cikin gari, Corolla mai inji 1.8 kuma kusan lita 9. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan bambancin abin a ɗaga kafaɗa ne. Tun da aka cire tallafi ya zama kuɗin cefane. A shekarar ce kuma aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024. Duk wani kayan BMW na kirki da dala ake shigo da shi, kai kuma albashinka da naira yake zuwa.

Ba na son ka ɗauka ina raina kanikawan Zariya. Akwai masu basira a Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila waɗanda da kunne kawai za su gaya maka ciwon inji. Amma akwai wasu al'adu da suka yi kaka-gida a garejinmu: a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar wai don ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, a cika lagireto da ruwan rijiya, a zuba baƙin mai mai kauri iri ɗaya a kowace mota, in wuta ta kama a dashbod a ce "share kawai, haka suke yi". Toyota tana haƙuri da wannan cin kashin na tsawon lokaci, duk da ita ma ba daidai ake yi mata ba. BMW ba ta haƙuri. Ita tana buƙatar wanda zai jona mata na'ura mai karanta harshenta, ya fahimci abin da ta ce, ya yi aiki da littafi. Irin waɗannan sun fi yawa a Kaduna da Kano da Apo ta Abuja. Kaduna kuwa tafiyar kilomita 80 ce, kuma motar da ta ƙi tashi ba da ƙafarta za ta je ba, sai an ɗauko janwe.

Na san wannan hanyar, don na bi ta. Shekarun baya na riƙe wata motar Turai, ba irin taka ba ce amma ita ma mai yawan na'ura ce, kuma ita kaɗai gare ni. Wata ranar Alhamis muna dawowa daga Kaduna da iyali, mun wuce Jaji kaɗan, rana ta yi ja, sai kawai ta ɗauke. Na tuna ƙaramar 'yata tana barci a kafaɗar uwarta, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana girgiza mu, ni kuma ina tsaye da fitilar waya ina leƙen injin da ban san komai a cikinsa ba. Sai da na tare musu motar haya na tsaya jiran janwe har bayan isha'i. Abin da ya lalace bai kai girman tafin hannu ba. An nema a Zariya babu, an aika Panteka ta Kaduna babu, Ƙofar Ruwa ta Kano aka ce a dawo jibi, daga ƙarshe sai Ladipo ta Legas. Da ya iso bayan kwana tara, lambarsa ba ta dace ba, aka mayar. Kwana 23 motar ta yi ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a gareji. Duk lokacin da na je sai in tarar ƙurar hunturu ta ƙara rufe gilashin, yara sun yi rubutu da yatsa a jiki, taya ɗaya ta fara kwanciya, ganye ya taru a gindin waifa. Kuɗin da na kashe na manta adadinsa, amma ban manta ranar da mahaifiyata ta tashi da zazzaɓi cikin dare na fita ina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci neman aron mota ba.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ce maka a'a. Ka ambaci mutum biyu a wasiƙarka kamar a wuce, alhali su ne zuciyar maganar. Naƙuda ba ta duba agogo, ba ta tambayar ko kaya ya iso daga Legas. Ranar asibitin Hajiya kuma rana ce da aka rubuta a kati, idan ta wuce sai a sake ba ku wata. Mai mota biyu yana iya riƙe BMW cikin kwanciyar hankali, in ta kwanta ya ɗauki ɗayar. Kai mota ɗaya za ka saya, kuma aikinta na farko shi ne ta tashi duk lokacin da aka murɗa makulli.

Sai maganar abokinka. Ban ce yana ɓoye maka wani abu ba, wataƙila shi kansa bai san abin da ke tafe ba, domin irin waɗannan kayan ba sa nuna alama. Amma ka yi tunanin wata biyu bayan ciniki famfon nan ya mutu. Ko ba ka furta ba zuciyarka za ta ce ya sani, shi ma ko bai ji daga bakinka ba zai fara kauce maka a wurin ɗaurin aure. Na ga mota ta raba mutanen da suka yi shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya. Wa'adin sati biyun ma kada ya tsorata ka, ba a sayen mota da gudu.

To me za ka saya? Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai inji 1.8 ita ce amsar da ba ta buƙatar dogon bayani, sarƙa ce ke riƙe da lokacin injinta ba bel ba, kayanta har a kan tebur ake sayarwa. Sai dai farin jininta ya sa ta tsada fiye da ƙimarta, ɓarayi suna sonta kamar yadda masu saye ke sonta, kuma a cikinta aka fi cusa wa mutane wadda ta yi mummunan hatsari aka gyara aka fesa fenti. Idan kuɗinka bai kai ga mai lafiya a wannan ƙirar ba, gara ka sauko kan ta 2005 zuwa 2008 mai tsabta da ka ɗauki sabuwar ƙira mai ciwo. Camry da ake kira Muscle tana da faɗi, Hajiya za ta ji daɗin zama, amma ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ta 2010 da 2011 mai 2.5 ta fi.

Amma da yake na fahimci kai mutum ne mai jin daɗin tuƙi, ba mai neman abin da zai kai shi kawai ba, ni da zan zaɓa maka da Honda Accord ta 2008 zuwa 2012 zan nuna maka, mai silinda huɗu, inji 2.4. Ba BMW ba ce, ba zan ruɗe ka ba. Amma tana da kuzari, sitiyarinta yana da rai, tana zama daram a babban titi, kuma Arewa ƙasar Honda ce tun zamanin tsohuwar Accord da ake kira Hala, babu garejin da za ka shiga a Zariya a tsaya ana kallonta. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙafafunta. Ka ga Hondar da ke durƙushewa a tsakiyar titi taya ta fita gefe, bol-joyin ne, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya, aka bari ya cinye ko aka sa na jabu. Ka sa a riƙa duba shi duk juye, ka sayi na asali, ka zuba mata man giyar da aka yi dominta. Akwai kuma Lexus IS 250, wadda ita ma tayoyin baya ke tura ta kuma 'yar gidan Toyota ce, sai dai kuɗinta da kayanta sun fi ƙarfin abin da ke hannunka a yanzu.

Kowacce ka zaɓa, kada ka zuba miliyan 9 ɗinka duka. Ka tsaya a 7 ko 7 da rabi, sauran ka ajiye. Motar hannu, ko 'yar Kwatano ce ko wadda aka hau a gida, ba ta rasa abin da za ta nema a watannin farko. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka gan ta da sassafe kafin a tayar da ita, don inji mai sanyi ba ya ƙarya. A jona na'ura, a ɗaga ta a leƙa ƙasa, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen da kujeru ke gudu a kai, in ka ga tsatsa ko busasshiyar laka to ambaliya ta taɓa cin ta. Lambar jikinta mai harufa da alƙaluma 17 ka sa a bincika a intanet, musamman in daga Amurka ta zo, a nan ake gane wadda inshora ta yanke wa hukuncin ta tashi daga aiki. Takardun diyuti kuma ka tabbatar na gaske ne kafin ka biya ko sisi, don kwastan ba sa karɓar uzurin "ban sani ba".

Idan bayan duk wannan zuciyarka ta ƙi, kuɗinka ne, guminka ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ka cika sharuɗɗa: ka sami bakaniken da ya san ta tun kafin ka biya, ku tuƙa ta har garejinsa ko da a Kaduna ne ya duba ta ciki da bai, abokinka ya nuna maka yaushe aka canza famfon ruwa da tamostat, in ba a taɓa ba a cire kuɗinsu daga farashi a canza nan take, kuma ya zama kana da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar a ajiye wanda ba na haihuwa ba ne ba na abinci ba. Da lissafin da ka ba ni, sharaɗin ƙarshen nan bai cika ba. Nan da shekara uku ko huɗu, in Allah Ya buɗa, yana iya cika, a lokacin ga Honda a ƙofar gida tana aikin iyali, sai ka nemi BMW ɗinka a natse, ka zaɓi wadda ta fi wannan. Ba su ƙare a duniya ba.

Yayanka kuma ka same shi ku biyu kawai. Ka ce masa, "Yaya, na bi shawararka, amma kalmar nan ta ƙarya ta yi mini ciwo." Ina kyautata zaton tsoro ne ya fito masa da ita, tsoron kada guminka na shekara huɗu ya ƙare a gareji. Maiɗakinka kuwa ka tafi da ita ranar da za ka duba motar, ta shiga ta zauna, ta gwada bayan da za ta riƙa rungume jariri, ta faɗi launin da take so.

Kafin ka ba abokinka amsa, ga aikin da zan ba ka ranar Asabar. Ka ɗauki takarda ka rubuta abu biyar: famfon ruwa, kwayil ɗin fulogi, shokozoba ta gaba, fatar birki, da fitilar gaba guda ɗaya. Ka ja layi uku, BMW, Accord, Corolla. Ka shiga wurin masu kayan mota a Sabon Gari, shago uku daban-daban, a kowanne ka yi tambaya biyu: nawa ne, kuma yau zan tafi da shi ko sai an aiko? Ka rubuta duk abin da aka ce maka, har da "dawo jibi". Da daddare ku baje takardar kai da maiɗakinka ku duba tare, sannan ka rubuto mini abin da ka samo, ina jira.